Orlando ko Houston: Ina Ya Kamata Iyali Su Sauke Kaya?

Ana gobe Ƙaramar Sallah ƙanwata ta kira ni daga Kano. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Yaya, takardun zuwa Amurka sun fito. Asibiti biyu ne suka ba ni aiki, ɗaya a Orlando wajenku, ɗaya a Houston. Wanne zan ɗauka?" Ma'aikaciyar jinya ce, ta yi shekara tara tana aiki kafin ta ci jarrabawar NCLEX, wato ta samun lasisin aikin jinya a Amurka, mijinta injiniyan lantarki ne, 'ya'yansu uku. Na san amsar da take jira. So take in ce ta taho kusa da ni, yaranta su tashi tare da nawa, kuma ni ma abin da zuciyata ke so ke nan. Duk da haka na ce ta ba ni kwana biyu in zauna in yi lissafi. Tun 2016 nake zaune a yankin Orlando, Houston kuwa ina zuwa lokaci-lokaci saboda wan matata a can yake. Abin da na faɗa mata shi ne nake so in shimfiɗa a nan, saboda duk wanda takardunsa suka kammala kuma yake tsakanin garuruwan nan biyu.

Sai an san yadda Orlando ta zama gari kafin a fahimci zamanta. Kafin 1971 yankin gonakin lemo ne da wuraren kiwon shanu, shi ya sa har yau ƙaramar hukumar da garin yake ciki sunanta Orange, wato lemo. Ranar 1 ga Oktoban 1971 aka buɗe katafaren wurin wasa da shaƙatawa na Walt Disney World a kudu maso yammacin garin, a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100. SeaWorld ta biyo baya a 1973, Universal a 1990, kuma a watan Mayun 2025 Universal ta ƙara buɗe wani katafaren filin wasa mai suna Epic Universe. A 1970 mutanen yankin gaba ɗaya ba su wuce kimanin rabin miliyan ba. A ƙidayar 2010 sun haura miliyan 2.1, a ta 2020 sun kusa miliyan 2.7. Baƙin da ke zuwa yawon buɗe ido kuwa sun fi miliyan 70 a shekara. Idan ka ɗora wannan adadin a kan na mazauna, za ka ga kowane ɗan gari yana da baƙi fiye da ashirin a kansa kowace shekara.

Wannan lissafin shi ne asalin daɗin Orlando, shi ne kuma asalin wahalarta. An gina garin domin baƙon da zai kwana biyar ya kashe kuɗi ya tafi. Tituna a share, bishiyoyin dabino a jere, tafkuna ko'ina, ga filin jirgi babba. Sai dai yawancin ayyukan da baƙon ke haifarwa na hidima ne: gyaran ɗaki a otal, girki, wanke-wanke, tuƙa bas, tsayuwa a bakin lilo ana ɗaura wa yara bel. Disney kaɗai tana da ma'aikata sama da 70,000 a nan. Bayan doguwar ja-in-ja da ƙungiyoyin ƙwadago, a 2023 aka amince mafi ƙarancin albashinsu ya kai dala 18 a awa. Mu ɗauki alƙalami. Dala 18, awa 40 a mako, ya kama dala 3,120 a wata kafin a cire haraji da inshorar lafiya. Masu gidajen haya a Amurka yawanci suna so su ga albashinka ya ninka kuɗin haya sau uku. Ke nan gidan da za a yarda a ba ka bai wuce na dala 1,040 ba, kuma a Orlando ta yau da wuya ka samu ko ciki da falo mai kyau a wannan farashin, balle gidan da zai ɗauki mata da yara uku.

Duk wanda yake so ya ga sakamakon wannan da idonsa, ya bi titin 192 da ya ratsa Kissimmee da misalin ƙarfe bakwai na safe. Akwai tsofaffin ƙananan otal-otal da aka gina wa 'yan yawon buɗe ido shekaru da dama da suka wuce. Yanzu iyalai ne a ciki, suna biyan kuɗin ɗaki mako-mako saboda ba su iya tara kuɗin ajiya da na watan farko a lokaci guda. Za ka ga bas ɗin makaranta mai ruwan ɗorawa ta tsaya a ƙofar otal, yara su fito daga ɗaki ɗaya su huɗu da jakunkunansu, uwarsu na biye da rigar aikin wani wurin shaƙatawa. Da dare kuma daga barandar wannan otal ɗin ana hango tartsatsin wutar da Disney ke harbawa sama. Ranar da na fara ganin wannan ban iya cin abincin rana ba.

Ni kaina na ɗanɗana. A wani babban otal nake aikin lissafin kuɗi lokacin da korona ta zo. A tsakiyar Maris ɗin 2020 aka rufe Disney World, ba a sake buɗewa ba sai Yuli. A cikin mako guda otal ɗinmu mai ɗakuna ɗaruruwa ya koma kamar kango, ana jin ƙarar takalmin mutum tun daga ƙarshen baranda. Aka kira mu ɗaya bayan ɗaya aka miƙa mana takarda. A watan Mayun shekarar rashin aiki a yankin Orlando ya haura kashi 20 cikin 100, kuma a Satumba Disney ta sanar da sallamar ma'aikata 28,000 a wuraren wasanninta na Amurka. Wata bakwai na yi ina kai wa mutane abinci gida-gida da motata, hannu baka hannu ƙwarya. Garin da tukunyarsa ɗaya ce, ranar da ta fashe kowa da yunwa zai kwana.

Ba ina cewa babu wani aiki a Orlando sai na otal ba ne. Akwai manyan asibitocin AdventHealth da Orlando Health. A Lake Nona, kusa da filin jirgi, an gina unguwa guda ta harkar lafiya, da makarantar likitanci ta jami'ar UCF, da asibitin yara na Nemours, da asibitin tsofaffin sojoji. Akwai Lockheed Martin mai ƙera makamai, da kamfanoni masu yawa kusa da UCF da ke haɗa na'urorin kwaikwayo na horar da sojoji da matuƙa jirgi, ga cibiyar harba kumbo ta Kennedy tafiyar kimanin awa guda ta gabas. Da mijin ƙanwata ya ji wannan sai murna ta kama shi. Na ce masa, "Malam, dakata tukuna." Yawancin ayyukan injiniya masu tsoka a waɗannan wuraren na tsaro ne, suna buƙatar tantancewar gwamnati, kuma ba a yi wa kowa ita sai ɗan ƙasa. Mai katin zaman dindindin yakan jira shekara biyar kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Ma'ana zai yi shekara biyar ko fiye yana kallon ƙofa a buɗe amma ba tasa ba ce. Wannan maganar ita ce ta fara karkatar da ma'aunin.

Houston wata duniya ce daban. Ita ce birni na huɗu mafi girma a Amurka, mutum miliyan 2.3 a cikin gari a ƙidayar 2020, sama da miliyan 7 idan aka haɗa da kewaye. Ba wanda ke zuwa Houston don hutu. Babban filin wasan da take da shi ma, AstroWorld, tun 2005 aka rufe shi aka rushe. Garin neman kuɗi ne: man fetur da iskar gas, matatun mai da masana'antun sinadarai da suka jeru a bakin mashigar jiragen ruwa, tashar ruwa mai hada-hada, cibiyar Johnson ta hukumar NASA, sannan Texas Medical Center, wadda ake ɗauka a matsayin tarin asibitoci mafi girma a duniya, da ma'aikata sama da 100,000. Asibitin cutar daji na MD Anderson a ciki yake. Injiniyan lantarki mai katin zama zai iya neman aiki a matata ko kamfanin gine-gine ko na wuta ba tare da an tambaye shi fasfon Amurka ba. Albashin ma'aikatan jinya ma a Houston ya fi na Orlando. Ita ma tana da nata ciwon, domin duk sa'ad da farashin ɗanyen mai ya faɗi, kamar yadda ya yi daga 2014 zuwa 2016, dubban injiniyoyi sukan rasa aiki. Bambancin shi ne idan mai ya faɗi asibiti da tashar ruwa suna nan a tsaye.

Ga ma'aikaciyar jinya ita kanta, jihohin biyu, wato Florida inda Orlando take da Texas inda Houston take, duk suna cikin yarjejeniyar da ke ba lasisin jiha ɗaya damar aiki a sauran jihohin da suka sa hannu, don haka sauya gari daga baya ba zai yi mata wuya ta fuskar lasisi ba. Abin da zai ɗaure ta shi ne kwantiragin da ta sa wa hannu, wanda yawanci na shekara biyu ne ko uku, da tara mai nauyi ga wanda ya karya. Na kuma ja mata kunne ta riƙe takardunta na asali da kyau. A Janairun 2023 hukumomin Amurka sun bankaɗo cinikin shaidar karatun jinya ta bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu uku a kudancin Florida, tun daga nan ake tsananta bincike a kan kowa, mai gaskiya da marar gaskiya.

Maganar gida ta fi kowace rikitarwa, domin abin da aka ba ka da dama ana karɓewa da hagu. Florida da Texas duk ba sa karɓar harajin albashi na jiha, a nan sun yi kunnen doki. Haya da farashin gida sun fi sauƙi a Houston, dalili kuwa shi ne fili ya yi mata yawa, sannan ita ce babban birnin Amurka da ba shi da dokar ware unguwanni, wato a ce nan na gidaje ne kawai, can na shaguna. Magina suna gini yadda suka ga dama, har ka ga gida da wurin gyaran mota da coci katanga ɗaya. Ba ta da kyan gani, amma talaka yana samun wurin kwana. A Orlando kuwa mai neman gida yana takara ne da attajirin da zai sayi gidan ya riƙa ba 'yan yawon buɗe ido haya kwana-kwana, musamman wajen Kissimmee da Davenport. Sai dai ranar da ka sayi gida a Texas za ka gane inda gwamnati ke fanshe harajin da ta yafe maka. Harajin gida a yankin Houston sau da yawa yana haura kashi 2 cikin 100 na darajar gidan kowace shekara, a sababbin unguwannin bayan gari ma yakan doshi kashi 3 saboda ana ƙara kuɗin ruwa da magudanai. Gidan dala 350,000 a kan kashi 2.5 zai ci maka dala 8,750 duk shekara, ko ka gama biyan bashinsa. Na Florida bai kai haka ba, kuma akwai dokar da ta hana a ɗaga ƙimar gidan da kake zaune a ciki fiye da kashi 3 a shekara. Abin da ke cin mutanen Florida shi ne inshorar gida, wadda take cikin mafi tsada a ƙasar saboda guguwa. Tawa ta kusa ninkawa cikin shekara huɗu ba tare da na taɓa neman diyyar ko sisi ba. Harajin saye da sayarwa kashi 6.5 ne a Orlando, kashi 8.25 a Houston. A taƙaice mai haya ya fi samun sauƙi a Houston, mai gidan kansa kuwa sai ya zauna da takarda da biro.

Mota dole ce a duka biyun, kada wani ya ruɗe ka. Orlando tana da jirgin ƙasa na SunRail tun 2014, amma layi ɗaya ne kuma ranakun aiki yake zirga-zirga, bai kuma kai ga wuraren shaƙatawar da yawancin ma'aikata ke zuwa ba. Babban titin I-4 shi ne jijiyar garin, kuma kullum a cushe yake da baƙi masu motar haya da ba su san hanya ba, suna taka birki a inda ba a zata. In kana so ka kauce masa sai ka hau titin 408 ko 417 ko 528 ko 429, dukkansu na biya ne, na'urar da ke manne a gilashinka tana zarar kuɗi kana tafiya. Mai zuwa aiki kullum ta waɗannan hanyoyin ya saka wannan a kasafin wata kamar kuɗin wuta. Houston ta fi girma nesa ba kusa ba, titin Katy a wani wurin ana ƙirga masa layi 26 idan an haɗa da na gefe, duk da haka yana cushewa. Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe: Orlando ta sha zuwa ta ɗaya a jerin biranen Amurka mafi haɗari ga masu tafiya a ƙasa. Idan Baba ko Hajiya suka zo ziyara suka ce za su taka zuwa masallaci ko shago kamar yadda suka saba a gida, a ɗauke su a mota.

Zafin garuruwan biyu ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne. Namu busasshe ne, in ka samu inuwar darbejiya ka tsira. Na nan jiƙaƙƙe ne kamar na Legas, daga Yuni zuwa Satumba kana fitowa daga wanka gumi zai karɓe ka. A Orlando kusan kullum da yamma hadari zai haɗu a sheƙa ruwa da tsawa mai firgitarwa na awa guda, sannan gari ya washe. Kowane tafki da kududdufi kuma ka ɗauka akwai kada a ciki, kada a bar yaro ya matsa bakin ruwa ko da a cikin unguwa ne. Lokacin mahaukaciyar guguwa ɗaya ne a wurare biyun, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Orlando tana tsakiyar jiha, kafin guguwa ta iso ƙarfinta ya ɗan ragu, amma ruwa ba ya raguwa. Daren da guguwar Ian ta ratsa mu a ƙarshen Satumban 2022 an zuba ruwa sama da milimita 300. Da asuba na buɗe ƙofa na tarar titinmu ya zama kogi, akwatin wasiƙun maƙwabcina kansa kawai ake gani, wata tsohuwa 'yar Puerto Rico tana tsaye a tagarta da kyanwa a hannu tana jiran jirgin kwale-kwalen masu ceto. Ruwan ya tsaya ne taki biyu daga dokin ƙofata. A kan tabarma a saman bene muka yi sallar Asuba ni da yara, ba wuta.

Duk da haka, a wannan fannin na fi jin tsoron Houston. Ƙasarta shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, laka ce ba ta shan ruwa, kuma an shafe ta da siminti. A Agustan 2017 guguwar Harvey ta tsaya a kanta kwanaki, wasu wuraren suka samu ruwa sama da milimita 1,200, fiye da abin da Kano ke samu a damina guda cur. A Fabrairun 2021 wani sanyi da ba a saba gani ba ya durƙusar da wutar lantarkin Texas, gidaje sama da miliyan 4 suka shiga duhu, jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. A Yulin 2024 guguwar Beryl ta sake yanke wa gidaje da shaguna sama da miliyan 2 wuta a tsakiyar zafi, wasu suka yi fiye da mako. Wan matata da ya baro Kaduna yana cewa ya rabu da janareta har abada, yanzu akwai guda a garejinsa da jarkokin mai. Duk wanda zai kama gida a Houston, kafin ya tambayi kuɗin haya ya tambaya ko ruwa ya shiga gidan a 2017, ya kuma duba taswirar ambaliya ta gwamnati da adireshin. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an yanki tata daban, a jihohin biyu.

Yanzu ga inda Houston ta yi wa Orlando fintinkau. Da ɗan gari akan ci gari. Houston na cikin wuraren da 'yan Najeriya suka fi yawa a duk Amurka. Ka shiga Alief ko ka bi titin Bissonnet, za ka ga shagunan kayan miya, gidajen abinci, masu suya, masu ɗinki, masu aika kaya gida. Waɗanda suka samu wadata sun koma Sugar Land da Katy da Missouri City da Richmond. Gaskiya ne yawancinsu Ibo ne da Yarbawa, Hausawa ba su kai su ba, amma ana samun waɗanda za a yi taron suna da su, a yi buɗa-baki tare, a samu matar da za ta zo ta zauna da mai jego. Musulmi kuma suna da ƙarfi: ƙungiyar Musulmin Houston ta ISGH da aka kafa tun 1969 tana kula da masallatai masu yawa a sassan birnin, ga makarantun Islamiyya, ga mahautan halal na 'yan Pakistan da Indiya a titin Hillcroft. A tsakiyar birnin akwai cibiyar da'awa da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya ci wa Houston Rockets kofin ƙwallon kwando a 1994 da 1995, ya kafa a ginin wani tsohon banki. Na yi Juma'a a can, na ji daɗin ganin abin da ɗan ƙasarmu ya bari.

A Orlando ma akwai masallatai, akwai babba a titin Goldenrod, akwai wani kusa da Lake Buena Vista da baƙi ke cika shi ranar Juma'a. Jama'ar kirki ne, Larabawa, 'yan Maroko, 'yan Pakistan, 'yan Guyana da Trinidad. Amma sai in yi wata ban ji Hausa a bakin kowa ba in ba a gidana ba. Harshen da za ka fi ji bayan Turanci shi ne Sifaniyanci, musamman a Kissimmee inda 'yan Puerto Rico suka yi yawa, suka kuma ƙaru bayan guguwar Maria ta 2017. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa sai mun jira mai zuwa daga gida. Lokacin da matata ta haifi autarmu, ni na yi wankan jariri, ni na dama kunun kanwa ina kallon bidiyon da surukata ta turo ta WhatsApp, na kuma tafi aiki da dare. Ba wanda ya ƙi mu, kawai dai babu kowa ne. Ma'aikaciyar jinya mai aikin awa 12, wani lokacin na dare, da yara uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenta. Ni ina nan, amma gida ɗaya ba ya zama dangi.

A wajen karatun yara kuwa ba zan ɓoye ba, Florida ta burge ni. Yaro ɗan shekara huɗu yana da ajin share fage kyauta. Tun 2023 kowane yaro a jihar yana iya samun tallafin kusan dala 8,000 a shekara don shiga makarantar kuɗi, har da ta Islamiyya idan tana cikin tsarin. Kuɗin jami'o'in gwamnati ga mazauna jihar na cikin mafi araha a Amurka, a UCF bai kai dala 7,000 a shekara ba, kuma wanda ya yi shekara biyu a kwalejin Valencia ya kammala, an ba shi tabbacin gurbi a UCF. Akwai kuma tallafin Bright Futures ga ɗalibai masu ƙoƙari. Daga cacar jiha ake samo kuɗinsa, shi ya sa wasu iyayenmu sukan tambayi malamai kafin su karɓa. Texas tana da nata tsarin tun 1997, wanda ke ba ɗaliban da suka fito a sahun kashi 10 na farko a makarantarsu gurbi kai tsaye a yawancin jami'o'in gwamnati, kuma Houston na da Jami'ar Houston da Rice da Texas Southern. A duka garuruwan ingancin makarantar firamare da sakandare ya danganta ne da adireshinka, don haka makaranta ake fara zaɓa kafin gida.

Wuraren wasan fa? Yaran ƙanwata su ne suka fi kowa matsa mata, sun ga hotunan nawa da Mickey, ɓeran nan na finafinan zane na Disney. Tikitin mutum ɗaya na yini guda a Disney ya haura dala 100, ban da kuɗin ajiye mota da abinci. Mazauna Florida suna da rangwame, amma iyali mai mutum biyar ba zai riƙa zuwa kamar gidan kaka ba. Mu sau ɗaya ko biyu muke shiga a shekara. Abin da mazaunin Orlando ke samu a kai a kai shi ne baƙi. Duk ɗan uwa ko abokin da ya taka Amurka da iyalinsa zai so ya zo, kuma ba za ka bar shi a otal ba. Ina son wannan ƙwarai, shi ne ke rage mana kewa, amma mai zuwa ya tanadi ɗakin baƙi da kwanakin hutun da zai riƙa kai su yana ɗauko su.

Ta fuskar zuwa gida, babu jirgin da ke tashi kai tsaye zuwa Najeriya daga ko ɗaya, tun da United ta daina zuwa Legas daga Houston a 2016. Daga Orlando mun fi bi ta Atlanta, inda ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya yake, tafiyar awa shida da rabi a mota, daga Houston kuwa kusan ninkin haka. Mutanen Houston suna da zaɓin jiragen Turai da na ƙasashen Larabawa da yawa. Agogon Orlando yana bayan na Najeriya da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, na Houston ya ƙara awa guda.

Da kwana biyun suka cika na kira ta, mijinta na gefe. Na ce da ita kaɗai ce ke da sana'a kuma yaran sun kusa shiga jami'a, ko da mijin ya riga ya zama ɗan ƙasa, ko da aikinsa na kwamfuta ne da zai yi daga ɗaki da albashin wani gari, da na ce su taho Orlando ba tare da na yi dogon tunani ba, su nemi gida wajen Lake Nona ko Oviedo ko Winter Garden, nesa da hayaniyar baƙi. Garin ya fi tsafta, ya fi ƙanƙanta, teku na kusa, ga jirgin ƙasan Brightline da ke kai mutum Miami cikin awa uku da rabi tun 2023. Amma su albashi biyu suke buƙata tun shekarar farko, haya za su fara kamawa, ƙaraminsu ko yaye bai daɗe da yi ba. Na ce su tafi Houston, su nemi gida a hawa na biyu a unguwar da ruwa bai ci ba, kusa da masallaci, su sayi ƙaramin janareta kafin watan Yuni.

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, "Yaya, ke nan ba ka son mu kusa da kai?" Na ce mata tsakaninmu kilomita 1,500 ne da 'yan kai, awa 14 a mota idan an hau titin I-10, kuma na riga na faɗa wa yara a Houston za mu yi Babbar Sallah. Mijinta ya karɓi wayar ya tambaye ni ko ana samun rago mai ƙaho a can. Na ce masa wan matata ya san wata gona a bayan gari, zan turo masa lambar.